A'isha Falatiya da Faya-fayan Alƙahira

Ɗalibin da ke nazarin waƙar baka a makarantunmu yakan san Barmani Choge da Uwaliya Mai Amada, yakan kuma iya jero rabe-raben makaɗa tun daga na fada har zuwa na sana'a, amma da wuya a taɓa ambata masa sunan A'isha Musa Ahmad. Dalilin a fili yake: da Larabcin Sudan ta yi suna, kuma a Umdurman ta zauna har ta rasu a 1974. Sai dai mahaifiyarta Bahaushiya ce, mahaifinta kuma malami ne Bafulatani, dukansu daga ƙasar Sakkwato suka taso da niyyar sauke farali, hanya ta tsaya da su a Sudan. 'Yarsu ce mace ta farko da ta yi waƙa a gidan rediyon ƙasar. Kafin rediyo kuwa, faya-fayan garmahon da ta ɗauka a Alƙahira a ƙarshen shekarun 1930 su ne suka kai muryarta wuraren da ƙafarta ba ta isa ta taka ba. Yadda aka yi waɗannan faya-fayai da yadda aka karɓe su abin nazari ne ga duk mai bibiyar tarihin Hausawan gabas, domin a nan ake ganin ƙasa ta rungumi murya alhali tana gardama a kan ko mai muryar da danginta 'yan ƙasa ne.

Sunan da aka buga a kan faifai

Da sunan A'isha al-Falatiya faya-fayan suka fita, wato A'isha Bafallatiya. Kalmar Fallata daga bakin Barebari ta samo asali, su ne ke kiran Fulani da ita. Da ta isa bakin kogin Nilu sai ta faɗaɗa, ta haɗiye Bahaushe da Bafulatani da Babarbare da duk wanda ya fito daga yamma, ba tare da an damu da bambancin harshensu ba. Akwai kuma tsohuwar kalma Takari ko Takarir, wadda Bahaushen yau ya fi saninta a kan 'yan'uwansa mazauna Makka da Jidda. A bakin mutanen birane na wancan zamani, Fallata ba sunan yabo ba ne. Yana ɗauke da ma'anar baƙo, ɗan ƙwadago, wanda Larabcinsa bai nuna ba.

Mutanen da ake kira da wannan suna sun daɗe suna ratsa Sudan. Hanyar hajji ta ƙasa ta bi ta Barno da Wadai da Darfur, ta ratsa Kurdufan, ta ƙetare Nilu, ta dangana da tashar Sawakin a bakin Bahar Maliya. Tafiya ce ta shekaru. Alhaji yakan tsaya ya yi noma ko ɗinki ko koyarwa har ya tara guzurin zango na gaba, wani ya yi aure a hanya, wani ya binne iyayensa a hanya. Abin da ya mayar da wannan ɗigon ruwa ambaliya shi ne zuwan Nasara. Bayan faɗuwar Sakkwato a watan Maris na 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi hijira gabas da jama'a mai ɗimbin yawa, Turawa suka bi sawunsa har Burmi, inda ya yi shahada a watan Yuli na wannan shekara. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda aka fi sani da Mai Wurno, shi ya ja ragowar muhajirai har bakin Shuɗin Nilu, kogin da ke gangarowa daga tsaunukan Habasha. Garin da suka kafa kudu da Sinnar har yau sunansa yake amsawa: Mai Wurno.

A 1925 aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe shirin noman auduga na Jazira, wato filin da ke tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu, domin ciyar da masaƙun Lankasha a Ingila. An fara da fadan 300,000, kowane fadan ya ɗan ɗara eka guda. Auduga kuwa ba ta cire kanta. Hannun mutanen yamma ya shiga cikin wannan aiki sosai, daga yashe magudanan ruwa zuwa shema da cirar auduga, kuma ƙauyukansu suka yi ta tsirowa a gefen gonaki daga Wad Madani zuwa Sinnar. Wasu sun samu gonar haya da ake kira hawasha, amma akasari sun zauna ne a matsayin 'yan ƙwadago a sansanonin da ake kira kambo. Masanin nan C. Bawa Yamba, wanda ya zauna da Hausawan Jazira ya rubuta littafi a kansu a 1995, ya tarar da jikoki da tattaɓa-kunnen waɗanda suka fara zuwa har lokacin suna ɗaukar kansu mahajjata da ke kan hanya. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan: al'umma ce da ta gina mutuncinta a kan addini, domin shi ne abin da ta taso da shi daga gida, kuma shi ne abin da ba wanda ya isa ya raina mata.

A cikin irin wannan al'umma aka haifi A'isha, a garin Kasala kusa da iyakar Eritiriya, zango ne a kan hanyar masu nufin teku. Daga baya gidansu ya koma Umdurman.

Daga allo zuwa gidan biki

Mahaifinta yana da makarantar allo a Umdurman. Mutanen Sudan halwa suke ce wa makarantar allo, kalmar da Bahaushe ya keɓe wa shiga ɗaki domin ibada. Asalin kalmar ɗaya ne, kowa ya ja ta inda ya ga dama. A gaban mahaifinta ta yi karatun Alƙur'ani, kuma masu tarihinta sukan danganta ƙwarewarta a waƙa da wannan horo. Ba abin mamaki ba ne. Wanda ya koyi tilawa ya san inda harafi ke fita, ya san yadda ake jan madda ba tare da numfashi ya yanke ba, ya san inda ake tsayawa. Ummu Kulsum ta Masar ma 'yar limamin ƙauye ce, kuma ta hanyar karatu da bege ta shigo waƙa.

Bambancin shi ne mahaifin Ummu Kulsum shi ya riƙa yawo da ita wuraren waƙa, na A'isha kuwa ya ƙi. Tana da kimanin shekara 14 ta fara waƙa a gidajen biki, sunanta ya fara yawo a unguwanni. Malam ya yi abin da kowane uba na zamaninsa zai yi, ya ɗaura mata aure domin a rufe maganar. Auren bai ɗore ba, ta fito ta koma waƙarta.

Ba sai an yi wa Bahaushe dogon bayani a kan damuwar wannan uba ba. A ƙasar Hausa kanta zabiya ba ta da kujera a zauren malamai, kuma a ce 'yar malam ta zama zabiya magana ce da za a yi ta yi a ƙofar masallaci. A Umdurman abin ya ninka. Waƙar mata a bainar jama'a an jingina ta ne ga bayi da 'ya'yan bayi da matan da ke zaune a gefen gari, kuma kiɗan da A'isha ta shahara da shi, wanda ake kira tumtum, daga wannan ɓangare ya fito. Kiɗa ne mai sauƙi, mai motsa ƙafa, ana danganta tasowarsa da garin Kosti a shekarun 1930, kuma masu ilimin birni sun ɗauke shi waƙar banza idan aka gwada da doguwar ƙasidar da maza ke rerawa. Ga baƙon da abin tinƙahonsa kaɗai shi ne malanta, 'yarsa ta tsaya a gaban taro da wannan kiɗa tamkar ta tabbatar wa masu raina Fallata zancensu ne. Ina ganin zalunci ne a karanta labarin a mayar da malam mugu kawai. Abin da yake tsoron rasawa shi ne kaɗai jarinsa a ƙasar da ba tasa ba.

Minti uku a Alƙahira

A wancan lokaci babu wurin ɗaukar murya a Sudan. Mawaƙin da ke son ya shiga faifai sai ya hau jirgin ƙasa daga Khartum zuwa Wadi Halfa, ya shiga jirgin ruwa ya bi Nilu zuwa Shallal kusa da Aswan, sannan ya sake hawa jirgin ƙasa zuwa Alƙahira, inda kamfanoni irin su Odeon da Baidaphon da Mechian ke gasar neman muryoyi. Manyan mawaƙa maza sun riga sun share wannan hanya tun ƙarshen shekarun 1920: Muhammad Ahmad Sarur da Abdulkarim Karoma da Khalil Farah, wanda ya rasu a 1932. Waƙoƙin wannan zamani su ne daga baya aka laƙaba wa suna Haƙiba, wato jaka, saboda wani shirin rediyo da aka sa wa sunan jakar da ake zuba tsofaffin faya-fayan a ciki. A ƙarshen shekarun 1930 wakilin wani kamfanin Masar ya ji A'isha, aka tafi da ita Alƙahira ta ɗauki waƙoƙi da dama.

Yana da kyau a tsaya a ga abin da ɗaukar faifai ke nufi a lokacin, domin ya sha bamban da abin da muka sani yau. Mawaƙi yana tsayawa gaban makirufo tare da masu kiɗansa gaba ɗaya. Sautin yana bi ta waya zuwa wata allura mai kaifi, ita kuma tana sassaƙa siririn layi a kan faranti na kaki da ke juyawa. Abin da allura ta rubuta ya rubutu. Idan murya ta sarƙe ko mai goge ya yi kuskure a daƙiƙar ƙarshe, sai a ajiye farantin a ɗauko sabo a fara daga farko. Daga kakin ake yin ma'auni na ƙarfe, da shi ake buga dubban faya-fayai da wani irin ƙaro da ƙwari ke fitarwa a itatuwan Indiya. Faifan yana juyawa sau 78 a minti guda, kuma fuska ɗaya ta faifai mai faɗin inci goma ba ta ɗaukar abin da ya wuce minti uku da 'yan daƙiƙoƙi.

Wannan minti uku shi ne babban abin da ya sauya waƙar. A gidan biki zabiya ba ta da agogo. Takan ja amshi muddin mata na rawa, ta sako sunan amarya, ta sako na uwar ango, ta koma baya idan ta ga wani baiti ya kama jama'a. A gaban makirufo babu amarya, babu guɗa, babu wanda zai yi liƙi. Dole a zaɓi baitoci, a san wanda zai buɗe da wanda zai rufe, a datse amshi, a gama kafin allura ta kai tsakiyar faranti. Abin da ya kasance hidima ga taro ya koma abu mai farko da ƙarshe, wanda za a iya sa wa suna a sayar. A nan gajerun waƙoƙin tumtum sun fi dogayen ƙasidun maza sa'a, domin tun asali ba su da nauyin da za a yi ta sarewa. A nan kuma horon allo ya yi rana: faifan ƙaro yana da shuu da ƙaraf-ƙaraf, ga ƙahon garmaho ba ya fitar da sauti duka, saboda haka muryar da ba ta fitar da harafi sarai takan nutse a cikin hayaniya.

Akwai kuma batun kayan kiɗa. A gida, mawaƙin Sudan ya saba da tafi da 'yan amshi da tambari ko gangar mata da ake kira daluka. A Alƙahira ya tarar da udu, wato molon Larabawa mai babban ciki, da gogen Turawa da fiyano. Kunnen makaɗan Masar ya saba da maƙamai masu hawa bakwai, har da rabin-rabin sauti a tsakani, waƙar tsakiyar Sudan kuwa a kan hawa biyar take tafiya. Sai da kowa ya sassauta kafin a haɗu, kuma daga irin wannan haɗuwa ce waƙar Sudan ta zamani ta samo kamanninta. Hawa biyar ɗin nan, a gefe guda, shi ne abin da ke sa Bakano ya ji waƙar Sudan ta kwanta masa fiye da ta Masar ko ta Sham ko da bai san abin da ake faɗa ba, domin da yawa daga cikin waƙoƙin Hausa a kan irin wannan ma'auni suke.

Domin a ga nisan da sana'ar ta yi a cikin rayuwar mutum ɗaya: shekara guda kafin rasuwar A'isha, a watan Maris na 1973, ƙungiyar Pink Floyd ta Ingila ta fitar da The Dark Side of the Moon, bayan ta shafe watanni tana kai da komo a ɗakin ɗaukar murya na Abbey Road a Landan. A kan tef mai layi 16 suka yi aikin, ana ɗaukar ganga daban, jita daban, murya daban, a goge a sake, a yanka tef a liƙa, har aka samu abin saurare na minti arba'in da 'yan kai wanda ba a taɓa kaɗa shi a zama ɗaya a ɗakin ba. Su irin waɗannan makaɗa ɗakin ɗaukar murya ya zama musu kayan kiɗa. Ita kuwa ɗakin shaida ne kawai, abin da ta yi a wannan minti uku shi ya rubuta. Kalmar albam ma da ake kiran irin aikinsu da ita daga zamaninta ta samo asali: littafi ne mai aljihuna, kamar na ajiye hotuna, da ake jera faya-fayan garmaho da yawa a ciki saboda guda ɗaya ba ya ɗaukar doguwar waƙa.

Gidan gahawa

Garmaho kaya ne mai tsada, ba kowane gida ke da shi ba. Inda talaka ke jin faifai shi ne gidan gahawa, inda mai shago ke wana akwatin da hannu, ya sauya allura, ya ɗora abin da zai tara masa jama'a. A nan faya-fayan A'isha suka yi kasuwa. Gidan gahawa kuwa majalisar maza ce: ma'aikatan jirgin ƙasa, ƙananan malaman ofis, 'yan kasuwa, direbobi. Mace mai mutunci ba ta zama a wurin, balle ta ɗaga murya.

Abin lura ke nan. Faifai ya raba murya da mai ita. Mutumin da ba zai yarda a gan shi a inda zabiya ke waƙa ba, yana iya zama da kofinsa ya saurare ta sau goma, ba wanda zai ce ya yi abin kunya, domin babu kowa a gabansa sai akwati. Ba ya ganin fuskarta, ba ya tunanin unguwar da ta fito. Larabcin da ke fitowa daga ƙahon na Umdurman ne tsantsa, baitocin kuma galibi mawallafa maza ne suka tsara su, kamar yadda aka saba a waƙoƙin soyayya na lokacin. Abu ɗaya ne ya hana rabuwar ta cika, shi ne 'yar takardar da ke manne a tsakiyar faifan. Duk wanda zai ce a sa masa waƙar, sai ya furta kalmar Falatiya. Ko da wace niyya aka zaɓi laƙabin, sakamakonsa shi ne sunan da ake jifan masu cirar auduga da shi ya zama sunan da ake nema a biya kuɗi a saurara.

Shekarar 1942

Yaƙin Duniya na Biyu ya iso Sudan ta gabas. Sojojin Italiya sun mamaye Kasala, garin haihuwarta, daga Yulin 1940 zuwa Janairun 1941, kuma rundunar tsaron Sudan ta yi yaƙi a Eritiriya da Habasha, daga baya a hamadar Libiya. A'isha tana cikin mawaƙan da suka riƙa zuwa sansanonin soja suna ɗebe wa mayaƙa kewa. Saboda wannan yaƙi ne kuma Turawan mulki suka buɗe gidan rediyon Umdurman a 1940, domin watsa labaran fagen fama, suka kuma gane cewa ba mai tsayawa jin labari idan ba a haɗa masa da waƙa ba.

A 1942 ta shiga gidan rediyon, tare da 'yar'uwarta Jidawiyya, wadda ke kaɗa udu. Masu saurare sun yi na'am. Masu ra'ayin riƙau sun yi tir, kuma wasu daga cikin mawaƙa maza suka ƙaurace wa tashar domin nuna fushinsu.

Tambayar da ta dace a yi ita ce: me ya sa sai yanzu? Muryar nan ta shekara da shekaru tana tashi a gidajen gahawa, kuma waɗannan mawaƙa sun san da ita. A ganina amsar tana cikin bambancin faifai da rediyo. A farkon lamari kai tsaye ake watsa waƙa, saboda haka dole mawaƙiya ta zo da ƙafarta, ta shiga ta ƙofar da maza ke shiga, ta jira a inda suke jira, ta tsaya gaban makirufon da suke tsayawa. Rediyo kuma ta hukuma ce. Wanda aka ba fili a cikinta an amince ke nan cewa yana cikin masu magana da sunan ƙasa. Mawaƙan maza su kansu ba su daɗe da fara wanke sana'arsu daga zargin shashanci ba, suna sa kwat ko farar jallabiya suna neman a kira su masu fasaha. Zabiyar gidan biki, Bafallatiya, ta tsaya a sahunsu, sai suka ga kamar za a mayar da su inda suka fito. Ƙiyayyar da ta sha, ta fuskar kasancewarta mace da ta fuskar asalinta, ta kai har ta yi tunanin tattara kayanta ta koma Nijeriya, ƙasar da iyayenta suka baro.

A wannan shekarar dai, cikin watan Afrilu, Ƙungiyar Masu Ilimin Zamani ta Sudan, wadda aka kafa a 1938 kuma ita ce uwar jam'iyyun neman 'yanci, ta miƙa wa Gwamna Janar takardar buƙatu goma sha biyu. Ta farko ita ce a ba Sudan damar zaɓar makomarta bayan yaƙi. A cikin sauran akwai buƙatar a yi dokar da za ta fayyace wane ne ɗan Sudan, da buƙatar a taƙaita shigowar baƙi. An yi dokar farko a 1948, sannan bayan samun mulkin kai a ranar 1 ga Janairun 1956 aka yi dokar zama ɗan ƙasa ta 1957. Ma'aunin da aka kafa shi ne mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a ƙasar tun 31 ga Disamban 1897, wato kafin sojojin Ingila da Masar su karya daular Mahadi a Umdurman a 1898. Mai karatu ya lissafa da kansa: an yi yaƙin Burmi a 1903. Duk wanda ya biyo Mai Wurno, da duk wanda auduga ta kira bayan 1925, ya makara. An sassauta wannan sharaɗi a gyare-gyaren da suka biyo baya, amma tambayar nan ta "yaushe kakanka ya zo" ta riga ta zauna a ofisoshi da zukata.

Ga shi kuwa A'isha tana cikin masu waƙar kishin wannan ƙasa. Ban da waƙoƙin soyayya, an san ta da goyon bayan 'yancin kai da haƙƙin mata da na ma'aikata. Ƙauracewar mawaƙa maza ba ta yi tasiri ba, domin jama'a sun ci gaba da neman muryarta, kuma gidan rediyo ba shi da abin da ya fi masu saurare. A hankali waɗanda suka fita suka dawo, har ta kai ana haɗa ta da maza su yi waƙa tare, abin da ba mai tunaninsa a 1942. Ta ci gaba da aiki har cikin shekarun 1960, ta bar waƙoƙi fiye da 150, akasarinsu a gidan rediyon Umdurman aka ɗauka. Matan da suka biyo baya sun tarar da ƙofa a buɗe.

Karɓuwar da ta samu ba ta gangara zuwa kambo ba. A yau ba a rubuta tarihin waƙar Sudan ba tare da sunanta a shafukan farko ba, amma a watan Yulin 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, bayan Hausawa sun nemi a ba su tasu sarautar gargajiya, abin da a tsarin Sudan ke da alaƙa da mallakar ƙasa. Mutane fiye da ɗari suka mutu a wannan wata, dubbai suka bar gidajensu, kuma a watan Oktoba aka sake wani mafi muni a yankin Wad al-Mahi. Hujjar masu adawa ita ce tsohuwar nan: baƙi ba su da ƙasa. Hausawa sun yi zanga-zanga a Khartum da Gadarif da Fot Sudan da Kasala, inda aka haifi A'isha fiye da ƙarni guda kafin nan.

Su kansu waƙoƙin ba su tsira ba. Faifan ƙaro yana fashewa idan ya faɗi, kuma allurar ƙarfe tana cin sa kaɗan-kaɗan duk lokacin da aka saurara, saboda haka faifan da aka fi so shi ke fara mutuwa. Abin da ya rage na Alƙahira yana hannun masu tara kayan tarihi, wasu kuma an ɗora su a YouTube da shuu ɗinsu da komai. Babban rumbun yana gidan rediyon Umdurman, wanda ke cikin mafiya girman ma'ajiyar sauti a Afirka. Da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, wannan gini yana cikin wuraren farko da dakarun RSF suka kama, kuma yana hannunsu, ana luguden wuta a kewayensa, har zuwa watan Maris na 2024 da sojojin gwamnati suka karɓe shi.